Mu San Ƙasarmu Ta Kaduna

 

Ran nan da muka zo kewayen aji a nan Mando, wani dattijo daga cikinku ya ce ya ji a rediyo ana ba da labarin wata babbar jiha ta Amurka, wai ita Teksas. Ya tambaye mu ko ta fi tamu girma. Muka ce masa ta fi, nesa ba kusa ba, don sai an haɗa irin Jihar Kaduna har 15 kafin a sami Teksas ɗaya. Ya riƙe baki. Sa'an nan mu kuma muka ce, "To, Baba, ita tamun fa, ina iyakarta ta kudu?" Sai aji ya yi tsit. Da muka bincika, muka tarar akwai waɗanda suka yi shekaru ba su ko ƙetare gadar Kaduna ba. Shi ya sa yau muka ajiye labarin Amurka, za mu yi na gida.

Ku dubi taswirar nan da muka rataya a bango. Daga arewa muna iyaka da Zamfara da Katsina da Kano. Daga gabas akwai Bauchi da Filato. Daga kudu Nasarawa da Abuja, daga yamma kuwa Neja. An raba jihar ƙananan hukumomi 23. Da aka yi ƙidaya cikin 2006, an sami mutum fiye da miliyan 6. Kabilun da ke cikinta sun fi 50. Akwai Hausawa da Filani da Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari. Akwai Adara da Bajju da Atyap da Ham da Kurama da mutanen Kagoro, da sauransu da yawa, ko wace da harshenta.

To, wannan zanen da ya ratsa tsakiyar taswira kamar igiya, shi ne Kogin Kaduna. Mafarinsa can kan duwatsun Jos ne. Ya gangaro ya nufo arewa maso yamma, Kogin Galma na ƙasar Zazzau ya zubo cikinsa, sa'an nan ya karkata kudu maso yamma ya zo nan garin. Ya wuce Shiroro, inda aka datse shi ana samun lantarki tun 1990, ya bi ta Zungeru, har ya je ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe. Tsawonsa wajen mil 340 ne. An ce sunansa daga kada ya samo asali, saboda yawan kadojin da ke cikinsa a da.

Ruwan sama ba daidai yake sauka ko'ina ba. A wajen Zariya akan sami kamar inci 40 a shekara, a wajen Kafanchan kuwa kamar inci 60, damina kuma ta fi daɗewa. Saboda haka abin da ƙasa ke bayarwa ya bambanta. Arewa ta fi dawa da gero da auduga da rake da tumatir. Kudu ta fi doya da acca da gwaza da citta. Masara kam ko'ina tana yi. Wanda ke da dawa yana son doya, mai doya kuma yana son tumatir, shi ya sa motoci ba su hutawa tsakanin Kachiya da Giwa. Kun tuna cikin 2023 da wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachiya da Jaba da Kagarko? Gonakin suna kudu, amma mai shayi na tashar Mando sai da ya ji a aljihunsa.

Yanzu sai tarihi. Mu fara da mafi tsufa. Akwai wani ƙauye a ƙasar Jaba ana ce da shi Nok. Cikin 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a can, ba wanda ya san ko na wane ne. Cikin 1943 kuma aka tono wani kan, mai kyaun gaske, kusa da Jama'a. Wani akawun kuza ya ɗauka ya kafa shi bisa mutum-mutumi a gonarsa ta doya, don korar ɓarna. Daga baya aka kai shi Jos wurin wani Bature mai binciken kayan da, sunansa Bernard Fagg. Shi ya gane hannun mutane ɗaya ne ya yi su duka. Da masana suka auna, suka tarar irin waɗannan kawuna sun fi shekara 2,000 a ƙasa. Yau duk inda ake koyar da tarihin Afirka a duniya, sai an ambaci Nok. Ku ji fa, abin da duniya ke takawa ta zo gani, shi aka sa gadin doya. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. In waninku ya tono irin wannan a gona, kada ya fasa, kada kuma ya sayar wa dillalai, don doka ta hana. A kai gidan ajiye kayan tarihi da ke nan Kaduna.

A arewa kuwa akwai Zazzau, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Kafin a zauna birnin Zariya, an zauna Turunku da gindin dutsen Kufena. Turunku tana nan cikin ƙaramar hukumar Igabi, ba nisa da mu. Kowa ya ji labarin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda aka ce duk inda ta yi sansani sai ta sa an gina ganuwa, har ana kiran tsofaffin garu ganuwar Amina. Zamanin jihadi, Malam Musa ya zo da tutar Shehu ya ci Zariya, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja cikin 1828, wanda yanzu ake kira Suleja, bayan da aka ɗauki sunan aka ba babban birnin Nijeriya. In kun je Zariya, ku nemi ganin tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarimu. A Zariya ne kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru an buɗe ta cikin 1962.

Shi garin Kaduna yaro ne a kan waɗannan. Da fari ƙauyukan Gbagyi ne ke wurin. Turawa suna zaune a Zungeru, amma zafi da sauro suka dame su. Gwamna Lugga ya duba ya ga nan akwai ruwa, ga fili, ga hanyar jirgin ƙasa ta Ikko zuwa Kano ta ƙetare kogin, ba kuma birnin wani sarki ba ne. Cikin 1917 aka ƙauro da hedkwatar Arewa nan. Har wata 'yar gadar ƙarfe da ya gina a Zungeru cikin 1904 daga baya aka kwance ta aka kawo, aka sake haɗa ta a lambun Gamji. A nan Sardauna Ahmadu Bello ya yi Firimiya daga 1954 zuwa 1966. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, mutane suka yi ta zuwa neman aiki daga ko'ina. Cikin 1967 aka haɗa lardin Zazzau da na Katsina aka yi Jihar Arewa ta Tsakiya. Cikin 1976 aka sake mata suna ta zama Jihar Kaduna, cikin 1987 kuma aka cire Katsina.

Abubuwan kallo ba su da iyaka. Kusa da Kafanchan akwai Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga bisa dutse, mutum ya shiga bayansa ya tsaya. Kafanchan kuma mararrabar jirgin ƙasa ce, daga nan hanyar Jos ta rabu cikin 1927. Mutanen Kagoro suna bikinsu na Afan ran 1 ga Janairu ko wace shekara, a gindin duwatsunsu. A Kajuru wani Bajamushe ya gina gida bisa dutse irin na sarakunan Turai na da.

To, jama'a, ga abin da ya sa muka yi duk wannan dogon bayani. Kun ji ruwan kogin nan ne ya tara mutane aka yi gari. Amma mu da kanmu mun mai da shi katanga. An yi tashin hankali a Kafanchan cikin 1987, da Zangon Kataf cikin 1992, da nan Kaduna cikin 2000, aka yi hasarar rayuka masu yawa, Musulmi da Kirista. Bayan na 2000 sai mutane suka yi ta ƙaura, yawancin Musulmi suka tattaru arewa da kogi, yawancin Kirista kudu da shi. Manya daga cikinku sun yi maƙwabtaka da mutanen ƙetare, sun ci abinci kwano ɗaya a masaƙa. 'Ya'yanmu fa? Da yawa ba su san kowa a can ba, sai abin da aka faɗa musu. Wanda bai san wuri ba kuwa, kome aka ce masa a kansa yarda zai yi, ta haka jita-jita ke cin gari. Gani ya kori ji.

Saboda haka ga aikin da muka ba ku. Kowa ya zana taswirar nan cikin littafinsa. Ya ja kogin, ya rubuta Zariya da Kaduna da Kachiya da Kafanchan da Birnin Gwari, ko wanne a wurinsa. Sa'an nan in kun je kasuwa, ku tambayi mai doya ko mai citta sunan garinsu, da yadda ake cewa sannu da harshensu. Ku rubuto mana, ran da muka komo za mu karanta tare a allo. Wanda kuma yake da tsohon abokin aiki a Kakuri ko Sabon Tasha, ya ɗauki ɗansa su je su gaishe shi. Zumunta a ƙafa take.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, kudu da arewa. Amin. Haza wassalam.