Gyaran Harkar Lafiya: Doka Tana Abuja, Amana Tana Wuyan Jihohi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

 Mas'alar da za mu tattauna a wannan zama ita ce gyaran da Gwamnatin Tarayya ta yi wa harkar lafiya, da yadda wannan gyara yake sauka, ko yake kasa sauka, a jihohinmu. Wani zai iya cewa wannan magana ce ta likitoci da 'yan siyasa. To, amma malaman usulu sun lissafa kiyaye rai a cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Saboda haka duk inda mace take mutuwa wajen haihuwa don rashin ungozoma, ko yaro yake mutuwa da zazzaɓin cizon sauro don rashin magani, to wurin ya shafi mai da'awa kamar yadda ya shafi likita.

Bari mu fara da girman matsalar. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin kowaɗanne yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai 187. Binciken ya kuma nuna mata 512 ne suke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Sa'annan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fitowa. Ma'anar wannan ita ce, ciwo guda ɗaya yana iya cinye gona ko jarin magidanci, ko kuwa ya sa a zauna a gida ana jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

Yunƙurin gyara ba yau aka fara shi ba. Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora lafiyar al'umma a kan ƙananan asibitoci na kusa da jama'a, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, kuma a 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. A 1999 aka yi dokar inshorar lafiya, wadda ba ta fara aiki ba sai 2005, kuma galibin waɗanda ta amfana ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu.

Babban mataki ya zo a 2014, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 11 na dokar ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar ta raba kuɗin kamar haka: kashi 50 domin biya wa talakawa kuɗin magani ta hanyar hukumar inshora, kashi 20 domin magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 domin gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 domin ma'aikata, kashi 5 domin taimakon gaggawa. Sashe na 20 kuma ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa. Amma sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin, kimanin Naira biliyan 55, wato shekara huɗu bayan sa hannu. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta shiga tsarin a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni. A watan Disamba na 2023 kuma Gwamnatin Tarayya da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya suka rattaba hannu a wata yarjejeniya ta haɗa ƙarfi a bisa tsari guda, ƙarƙashin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate.

To, 'yan'uwa, idan dokoki sun cika haka, me ya sa mutumin ƙauye bai gani a ƙasa ba? Amsar tana cikin tsarin mulkinmu. Nijeriya tarayya ce, kuma an raba aikin lafiya gida uku: asibitocin koyarwa da manyan cibiyoyi galibi na Tarayya ne, manyan asibitocin garuruwa na jiha ne, ƙananan asibitocin sha-ka-tafi kuwa a hannun ƙananan hukumomi 774 da jihohinsu suke. Minista a Abuja ba shi da ikon ɗaukar ma'aikaciyar jinya a Gumel ko gyara rufin asibiti a Illela. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, kuma gwamnatin da take dukan talaka a harkar lafiya, da alheri ko da sharri, ita ce ta jiharsa.

Saboda haka aka ɗora wa kowace jiha sharuɗɗa kafin kuɗin asusun ya iso gare ta. Na farko, ta kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko guda ɗaya, wadda za ta haɗa ma'aikata da kuɗi da kulawa a inuwa guda, bisa tsarin da Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da shi a 2011. Kafin wannan, albashi yana wata ma'aikata, magani yana wata, gini yana wata, idan abu ya lalace babu wanda za a kama. Jihar Jigawa ta riga wasu gane wannan tun 2007 da tsarinta na Gunduma. Na biyu, ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, kamar yadda Kano ta yi da dokarta ta 2016, Kaduna kuma a 2018. Na uku, ta sanya nata kason, domin doka ta ce jiha da ƙaramar hukuma su kawo kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin da za a yi. Na huɗu, ta zaɓi aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, ta buɗe masa asusun banki na kansa, a riƙa tura masa kuɗi kai tsaye duk bayan wata uku, a kashe su da sanin kwamitin ci-gaban mazaɓa.

A waɗannan matakai huɗu ne gizo yake saƙa. Akwai bambanci tsakanin kuɗin da aka rubuta a kasafi da kuɗin da aka saki, kuma sau da yawa jiha takan yi shelar ta ware wa lafiya kaso mai tsoka, alhali abin da ya fita daga baitulmali bai kai rabin labarin ba. Akwai matsalar ma'aikata, inda suke cunkushe a babban birnin jiha, asibitin karkara kuwa a bar shi da mutum ɗaya ko biyu, a rufe shi da la'asar, alhali naƙuda ba ta san dare ba. Akwai matsalar rajistar masu rauni, domin idan aka bar jerin sunaye a hannun 'yan siyasar mazaɓa, sai katin marayu da zawarawa ya koma hannun 'yan bangar jam'iyya. Akwai kuma jinkirin biyan asibitoci, wanda yake sa mai kati ya je a ce masa babu magani, ya je kemis ya saya da kuɗinsa, daga ranar kuma ya yanke ƙauna daga tsarin gaba ɗaya. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli na 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara buɗe wata tambaya: wa zai riƙe albashin ma'aikatan ƙananan asibitoci, hukumar jiha ko shugaban ƙaramar hukuma? Wajibi ne kowace jiha ta warware wannan a rubuce, kada ma'aikata su faɗa tsakanin iyayen gida biyu.

Sai mas'alar da ta fi kusa da mu, wato hukuncin shiga irin wannan tsari. Da yawa daga 'yan'uwa suna ƙyamar kalmar inshora, kuma suna da hujja ta fuskar inshorar kasuwanci, wadda malamai suka soka saboda garari da kamanceceniya da caca da cuɗanya da riba. Amma malaman sun rarrabe. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1977, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1985, sun halatta tsarin taimakekeniya, wanda kowa yake zuba nasa da niyyar kyauta da agaji, wanda jarrabawa ta faɗa wa a ɗauki nauyinsa daga asusun. Asalin wannan yana cikin umarnin Suratul Ma'ida, aya ta 2, na taimakon juna a kan alheri da taƙawa, da kuma yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da yake hannunsu wuri ɗaya su raba daidai, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wannan ne ya sa jihohin Arewa da dama suka kira hukumominsu da sunan taimakekeniya. To amma suna kaɗai ba ya halatta abu. Haƙƙinmu ne mu tambaya: a ina ake ajiye kuɗin jama'a, da me ake juya su, kuma wa yake bincikar lissafin?

Tarihinmu ma yana da abin koyi. Asibitin Nuri na Dimashƙa, wanda aka gina a 1154, da asibitin Mansuri na Alƙahira, wanda Sarki Ƙalawun ya kammala a 1284, da dukiyar waƙafi aka riƙe su, ana duba mai kuɗi da talaka ba tare da karɓar ko kwabo ba. Jihohinmu da dama suna da hukumomin zakka da waƙafi. Babu abin da zai hana attajiri ya biya wa gidaje ɗari na unguwarsu kuɗin shekara, ko masallacin Juma'a ya ɗauki nauyin marayun da suke kewaye da shi.

Wani darasi kuma shi ne na yarda. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukata, kuma yana cikin abin da ya share fage ga dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, abin da ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Da aka dawo aka jawo sarakuna da malamai a jiki, aka yi bayani a masallatai da ƙofar fada, sai ga shi a watan Agusta na 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Gwamnatin da ta raina malamai da masu unguwanni ba za ta sauke tsari a ƙasa ba, malamin da ya yi fatawa ba tare da bincike ba kuma yana iya ɗaukar alhakin rayuka.

Me ya rage a kanmu? Kowane reshe ya san asibitin da aka zaɓa a mazaɓarsa, ya san su wane ne 'yan kwamitin mazaɓa, ya tura mutanen kirki masu tsoron Allah su shiga. Mu nemi a liƙa lissafin kuɗin da ya shigo da yadda aka kashe shi a bangon asibiti, kowa ya gani. Mu halarci zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafin kuɗi, mu tambayi ɗan majalisar jiharmu nawa aka saki, mu ajiye amsarsa. Mu taimaka wajen tantance mabuƙata na gaskiya ba tare da duban ƙungiya ko jam'iyya ko addini ba, domin ciwo ba ya tambayar aƙida. Sa'annan mu tura 'ya'yanmu mata makarantun ungozoma da jinya da likitanci. Ba daidai ba ne magidanci ya hana matarsa zuwa awo don namiji ne zai duba ta, kuma shi ne ya hana 'yarsa karatun da zai samar da macen da za ta duba ta. Samar da likitoci mata farali ne na kifaya, idan al'umma ta bar shi duka ta yi laifi.

Ga shugabanni kuwa, gwamna da kwamishina da shugaban ƙaramar hukuma da jami'in da yake riƙe da makullin ɗakin magani, muna tunatar da su cewa kowane mai riƙo abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Kuɗin maganin talaka amana ce, wanda ya ci ta zai haɗu da masu ita ranar da babu lauya babu ɗaukaka ƙara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shiryi shugabanninmu, Ya ba mu ikon faɗar gaskiya da aiki da ita.