Jawabi Kan Yadda Ake Auna Farar Wuta Cikin Fetur da Man Gas

Jama'a, farar wuta ba baƙuwa ba ce, ana ganinta a kasuwa wurin masu sayar da magani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai ta narke cikin fetur da man gas, tun daga ƙarƙashin ƙasa take tahowa tare da ɗanyen mai. Idan inji ya ƙone man, sai ta fito cikin hayaƙi, ta tayar wa masu fuka ciwonsu. In kuwa ta gamu da laima, sai ta rikiɗe ta zama irin ruwan batir, ta ci inji da kwanon rufi.

Launin mai ba ya tona ta, sai da haske ake kama ta. Duk wanda ya taɓa watsa gishiri cikin wuta ya ga harshenta ya yi rawaya, watau kowane sinadari yana da irin hasken da yake fitarwa. Masana biyu, Bunsen da Kirchhoff, su suka mai da wannan hanyar bincike a Jamus wajen 1860.

A ɗakin gwaji ana ɗibar ɗan ɗigon mai, a ƙone shi cikin tanda mai zafin digiri 1,000 ko fiye, farar wutar ta zama iska. Sa'an nan a haska iskar da wani haske wanda ido ba ya gani. Ita kuwa sai ta sha shi, ta mai da nata, na'ura ta auna ƙarfinsa. Gwargwadon ƙarfin hasken, gwargwadon yawan farar wutar. Kafin wannan lalle ne a gwada na'urar da man da aka riga aka san abin da ke cikinsa, kamar yadda akan daidaita sikeli da duwatsun awo. Kwalba marar tsabta kaɗai ta isa ta ɓata aikin duka.

Har zuwa 2016 Nijeriya tana yarda da man gas mai kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya kan 10 tun 2009. Abin takaici, ɗanyen man da ake fitarwa ta Bonny yana cikin masu ƙarancin farar wuta. A wancan lokaci, tataccen da ake shigowa da shi ne ke ɗauke da ita. A 2020 ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da iyakar kashi 50, watau giram 50 cikin kowane tan.