Kwalta da tsakuwa a ƙofar gida: ina ruwan zai bi?

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, maganar ƙofar gida za mu yi. Ku ɗan yi haƙuri da ni, akwai dalili.

Duk wanda ya zaga Yelwa kwanan nan, ko ya leƙa Shanga ko Wara, ya ga abin da ake yayi. Wanda Allah ya buɗa wa ta shinkafa, ko kifi, ko zinare, da ya gama gini sai a shafe gaban gidan da siminti ko intalok, mota ta samu wurin tsayawa. To shekaranjiya wani abokina ya turo min bidiyon wani gida a Amurka, an yi wa hanyar shiga gidan kwalta, an watsa mata tsakuwa mai launi. Wai ko za a iya irinsa a nan? Na ce malam, ai a kansa muka tashi. Da yawa daga ƙananan titunanmu haka aka yi su, launin ne kawai ba a zaɓa ba.

Ga yadda aikin yake. A share wurin, a zuba marmara, rola ta danne ta sosai. A fesa kwalta da zafinta, a watsa tsakuwa tun ba ta huce ba, rola ta sake bi. Mai son ƙarko shimfiɗa biyu yake yi, manyan tsakuwa a ƙasa, ƙanana a sama. Adon duk a ta saman yake: ja, fara, ko ruwan ƙasa. Ya fi kwaltar manyan tituna araha, ba ya santsi, kuma yakan kai shekara 7 zuwa 10 kafin a sake masa shafe. Amma jiƙaƙƙiyar tsakuwa ko mai ƙura ba ta kama kwalta, don haka aikin rani ne. In kuma kwalta ta yi yawa, zafinmu na Afrilu zai taso da ita sama, silifas ɗin yara su riƙa mannewa. Sannan a ganina, ɗauko rola da motar feshi don gida ɗaya asara ce. Layi guda ya haɗa kuɗi, shi ne magana.

Ni abin daɓen kakanninmu ma ya tuna min. Tsakuwa, ruwan makuba, mata su jeru da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta yi sheƙi.

Yanzu ga dalilin da na ce. Bara a unguwarmu wani ya shafe ƙofar gidansa, ya ɗaga ta sama da layi don kada ruwa ya shigar masa. Bai yi kwata ba. Kusa da shi gidan laka ne, wata tsohuwa da jikokinta. Duk ruwan da ya sauka, gindin katangarta yake kwanciya. Cikin Agusta, da dare, katangar ta zube. Allah ya tsare ba kowa a wajen. Mutumin nan ba mugu ba ne fa, ya rantse bai taɓa kawo haka a ransa ba, kuma na yarda da shi.

Ku yi lissafin da kanku. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Fili mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, lita 5,000 ce. Duro 25, a dare ɗaya! Da can ƙasa na shanye wani ɓangare. Ka rufe ta da kwalta ko siminti, ba ta shan komai, dole ya nemi hanya, kuma gidan da ya fi ƙasa zai nufa. Kar tsakuwar da ke sama ta ruɗe ka, ƙarƙashinta kwalta ce, ruwa ba ya ratsa ta.

Mu da aka tayar da iyayenmu da kakanninmu, mutum sama da 40,000, lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, bai kamata a koya mana abin da ruwa ke yi wa gida ba.

Don haka kafin ka zaɓi launin tsakuwa, ka fita ka tsaya a ƙofar gidanka ranar da ake ruwa, ka ga inda yake bi. Ka sa mai aiki ya ba wurin gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, ta nufi kwata, ba katangar maƙwabci ba. In layinku ba kwata, ita za a fara haƙawa. Ka bar wani gefe ƙasa zalla, ka dasa darbejiya ko mangwaro. Ka kuma kira maƙwabcin ya gani da idonsa tun tifa ba ta juye marmara ba.

Ita tsohuwar, samarin unguwa ne suka tayar mata da katanga bayan damina, mai gidan ya biya kuɗin birkila. Kwatar dai har yau ana ta cewa za a yi, ga damina ta kusa. Gobe in Allah ya kai mu zan sake komawa wurin mai unguwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.