Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



An nemi mu yi magana a kan tsaron motocin haya da jiragen da muke shiga, da tanadin da ya kamata a yi kafin haɗari ya auku. Mu ba jami'an tsaro ba ne, ba kuma injiniyoyi ba. Amma akwai aikin da muke yi kowace safiya wanda ya ba mu bakin magana: kiran suna. Malamin da ya buɗe rajista ya san yara nawa aka damƙa masa, ya san wanda bai zo ba, ya kuma san cewa in ɗaya ya ɓace shi za a tambaya. Da wannan ma'aunin muke so mu auna sufurin jama'a a yau.

Mu tuna daren Litinin, 28 ga Maris, 2022. Jirgin ƙasan da ya taso daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna ya iso kusa da Katari, sai 'yan bindiga suka tayar da bam a kan layin dogo, suka buɗe wa taragu wuta. An kashe aƙalla mutum 8, cikinsu har da Babban Sakataren ƙungiyar ƙwadago ta TUC, Musa Lawal Ozigi, aka kuma shiga daji da fiye da mutum 60. Mutum 23 na ƙarshe ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai ranar 5 ga Oktoba, bayan fiye da wata shida. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Yawancin mutanen da ke cikin jirgin nan tsoron hanyar mota ne ya kai su can, don a lokacin masu garkuwa da mutane sun addabi hanyar Abuja zuwa Kaduna. Sun sayi tikiti ne suna ganin sun sayi aminci. Kuma harin bai zo babu gargaɗi ba. A watan Oktoban 2021 an riga an fasa wani sashe na wannan layin dogon da bam, har aka dakatar da zirga-zirga na 'yan kwanaki. Bayan harin Maris, Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya faɗa wa 'yan jarida cewa ya nemi a amince da kimanin naira biliyan 3 don sayen na'urorin sa ido a kan layin, ba a amince ba. Wanda ya nema ya ce an hana shi, waɗanda suka hana suna da nasu dalilin, fasinja kuwa ya shiga jirgi bai san da wannan ja-in-ja ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai, mu masu rajista, shi ne lissafi. A daren farko an yi ta yaɗa cewa mutum 970 ne a cikin jirgin. Daga baya Hukumar Jiragen Ƙasa ta ce fasinjoji 362 aka tantance. Kwanaki suka shuɗe ana bin lambobin wayar da ke takarda ɗaya bayan ɗaya, wasu a kashe, wasu ba a ɗauka, iyalai kuma suna zarya tsakanin tasha da asibiti. Ku yi tunanin a ce gobara ta tashi a makaranta, uwa ta zo a guje, hedimasta ya ce mata bai san ko ɗanta ya zo yau ba. Wa zai karɓi wannan amsa daga gare mu? Sai da aka dawo da jirgin ranar 5 ga Disamba, 2022, aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa kafin sayen tikiti. Matakin ya yi kyau, sai dai an fafe goran ne bayan an sha ƙishirwa.

Kada mu ce wannan labarin masu kuɗin jirgi ne. Wata huɗu kafin harin, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau a ƙaramar hukumar Bagwai ta jihar Kano, ya kife a madatsar ruwa ta Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. A nan babu ɗan bindiga. Lodi ne ya wuce ƙima. Yaran nan kuwa sa'o'in waɗanda ke zaune gabanmu ne a aji huɗu da aji biyar.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma babu mai wuce ranarsa. Amma ba mu taɓa jin an yafe wa malami barin yara a bakin rijiya don ya ce ƙaddara ce ba. Wanda aka ba amana ana tambayarsa abin da ya tanada tun kafin abin ya faru, kuma tambayar nan ita ce ke sa a yi tanadin.

To, mu fara tambayar kanmu. Sau nawa muka ɗebi yara zuwa gasar kacici-kacici ko jarrabawar shiga sakandare a bayan akori-kura, ko muka cusa yara takwas a A-daidaita-sahu ɗaya, don kuɗin motar da aka ba mu bai kai ba? Sau nawa muka tsaya a bakin hanya muka hau motar da ba mu san direbanta ba don ta fi ta tasha arha? Ko a tashar ma, in aka miƙo takardar sunayen fasinjoji, wasunmu sukan rubuta rabin suna, su bar gurbin lambar ɗan'uwa babu komai. Wannan takardar da muke rainawa ita ce rajistar motar. In wani abu ya faru a hanya, da ita za a nemo gidanmu.

Saboda haka muna ba reshe shawara ya ɗauki ƙa'ida ɗaya ga duk tafiyar da za a yi da ɗalibai. A rubuta sunan kowane yaro da lambar wayar mahaifinsa a takarda biyu, ɗaya a hannun malamin da ke rakiya, ɗaya a ofishin hedimasta, tare da sunan direba da lambar mota. A ƙirga yara wajen hawa, a ƙirga su wajen sauka. Kada a wuce adadin kujeru, kada a yi tafiyar dare, kada yaro ya hau ruwa babu rigar kariya. Malamin rakiya ya duba da idonsa ko motar tana da tukunyar kashe gobara da akwatin agajin gaggawa, ya kuma riƙe lambobi biyu a kansa: 112 ta neman agajin gaggawa, da 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. In kuɗin da aka bayar bai isa a cika waɗannan ba, a fasa tafiyar, reshe kuma ya tsaya wa malamin da ya fasa, don kada a ce ya yi taurin kai.

Sa'an nan mu fita waje da tambayarmu. Shugabannin reshe su zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi na tasharmu, su ji wa ke ajiye takardun fasinjoji, wa ake kira in mota ba ta iso ba, wane asibiti ake nufa da wanda ya ji rauni. Mu rubuta wa wakilanmu na majalisa mu nemi a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon binciken kowane haɗari, tare da sunan ofishin da ya yi sakaci da abin da aka gyara. Ta'aziyya da kafa kwamiti mun saba jin su. Rahoton kwamitin muke so mu karanta.

A ƙarshe, muna da abin da ministoci ba su da shi, wato aji cike da yara masu saurare. Minti goma a mako ya isa mu koya musu haddace lambar wayar iyayensu, da yadda ake fita daga mota ba tare da turereniya ba, da cewa ba rashin kunya ba ne yaro ya ce wa babba motar nan ta cika. Cikinsu akwai direbobin gobe da masu sayar da tikiti da shugabannin tasha.

Muna roƙon sakatare ya sa wannan shawara cikin abubuwan da za a tattauna a zama mai zuwa. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, ya tsare mana yaran da aka ba mu amana.