Nijar: Maƙwabciyarmu Wadda Ba Ta da Bakin Teku

Dattawa da 'yan'uwa 'yan Jibiya mazauna Kaduna.

Jamhuriyar Nijar, mai babban birni a Yamai, ta sami 'yancin kai daga Faransa a 1960. Ba ta da bakin teku, hamada kuma ta cinye mafi yawan ƙasar, shi ya sa jama'arta suka fi taruwa a kudu, irin su Maraɗi, inda danginmu suke. Da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yulin 2023, Nijeriya ta rufe iyaka har Maris 2024, kasuwar garinmu ta yi sanyi. Saboda haka, mu da muke birni mu haɗa baki mu matsa a kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Jibiya. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.