JAWABI: YADDA FILIN TSEREN DAWAKI NA ROOSEVELT YA CIKA, KUMA YA WATSE



Jawabin yau a kan wani filin tseren dawaki ne a ƙasar Amurka. Sunansa Roosevelt. A da yana garin Westbury, kusa da birnin Niyok.

Tseren da ake yi a wurin a da ba irin sukuwar sallah ba ne. Ba a hawan dokin. Ana ɗaura masa ɗan keke ne mai ƙafa biyu, mara nauyi. Direba ya zauna a kan keken, ya riƙe linzami. Doka ita ce doki ya yi sassarfa kawai. Idan ya ɓarke da sukuwa, tilas direba ya ja shi baya har ya koma sassarfa. Tsawon tseren mil ɗaya ne, wato zagaye biyu na filin.

Da farko, motoci ne suke tsere a wurin, a 1936 da 1937. A shekarar 1940 wani lauya mai suna George Morton Levy da abokansa suka mai da shi na dawaki. Suka sa fitilun lantarki, ana tsere da dare. Wannan dabara ta yi amfani ƙwarai. Ma'aikaci ya tashi daga aiki, ya ci tuwonsa, sannan ya tafi kallo.

Amma akwai matsala. Jera dawaki su tashi tare yana da wuya. A yi ta sakewa har 'yan kallo su gaji. A 1946 aka kawo mota mai dogayen hannuwa na ƙarfe. Dawaki su bi ta a jere, sai ta naɗe hannuwan ta wuce, tsere ya fara.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1957 aka gina sabuwar rumfar 'yan kallo a kan dala miliyan 20. A 1959 aka fara gasar ƙasashen duniya, wani dokin Faransa mai suna Jamin ya zo na ɗaya. Ran 20 ga Agusta, 1960, mutum 54,861 suka shiga filin a dare guda.

To, me ya kashe wannan kasuwa?

Yawancin kuɗin filin daga caca yake fitowa. Mutane suna zuba kuɗi a kan dokin da suke zaton zai ci, masu fili su ɗauki kasonsu. A 1971 hukuma ta fara buɗe shagunan cacar dawaki a cikin birnin Niyok. Mai caca ya ga ba sai ya biya kuɗin mota da na shiga ba. Sai ya daina zuwa. A nan aka gane cewa da yawa ba doki suke zuwa gani ba.

A 1976 kuma aka buɗe sabon fili mai suna Meadowlands a jihar da ke maƙwabtaka. Ya fi girma, ladan tserensa kuma ya fi tsoka. Masu manyan dawaki suka koma can, 'yan kallo suka bi su. Rumfar Roosevelt ta koma ɗaukar 'yan dubbai kaɗan.

A 1984 aka sayar da filin. A 1988 sababbin masu shi suka rufe shi. Masu kula da barga, da maƙeran takalmin doki, da masu kawo ciyawa, da masu sayar da abinci, duk hanyar abincinsu ta wurin ta toshe. A shekarar 2000 aka rushe rumfar. Kantuna da gidaje ne suka maye gurbinta.

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mai sana'a ya riƙa tambayar kansa: me yake kawo mutane wurina? Idan suka samu abin nan a ƙofar gidansu, za su ƙara zuwa?