Aikin Barnaba: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai

An roƙe ni in yi magana a kan yadda masu bi za su riƙa ƙarfafa juna cikin bangaskiya. Abokanmu Musulmi da muka ci tuwo a kwano ɗaya da su a ɗakin kwana, ku ma ku saurara, domin ciwon da zan ambata namu ne gaba ɗaya.

A shekarar 2010 aiki ya kai ni ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Tungar Daji, lokacin annobar gubar dalma. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ƙurar kuwa cike take da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin MSF suka zo suna ba da magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ni kuwa, da na ga uwa ta binne yara biyu a mako guda, sai addu'a ta ƙi fita daga bakina. Wata uku ban buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Majami'a tana nesa, ba kuma wanda zan gaya wa.

Ran nan sai ga wani ɗan ajinmu, wanda muka yi FCS tare, ya hau babur daga Zuru ya zo nemana. Bai yi mini wa'azi ba. Ya kawo gari da ƙuli-ƙuli, ya kwana biyu a tabarmata, da asuba ya yi addu'a da ƙarfi don ni in ji, tun da ni na kasa. Da zai tafi ya ce zai kira ni kowace Lahadi, kuma ya cika alkawari.

Wannan shi ne aikin Barnaba. A Ayyukan Manzanni, sunansa na yanka Yusufu ne, manzanni ne suka laƙaba masa Barnaba saboda halinsa na ƙarfafa zuciya. Sa'ad da Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, kowa yana tsoronsa, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni. Daga baya Markus ya gudu ya bar su a tsakiyar tafiya, Bulus ya ce ba zai ƙara tafiya da shi ba. Barnaba ya ƙi yar da yaron, har suka rabu da Bulus a kan haka. A ganina Barnaba ne ya yi daidai, gama a ƙarshen ransa Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus.

To, mu fa? Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 mun warwatse. Waɗanda suka koma Kaduna da Abuja suna sujada cikin dubbai. Waɗanda suka rage a Gummi da Anka, wani malamin makaranta ne, wata ma'aikaciyar jinya, wani lokaci su goma ne a ƙarƙashin rumfa. 'Yan bindiga sun sa hanya ta zama abin tsoro. A Satumbar 2021 da aka yanke layukan waya a jihar nan, mu nawa ne muka ba direba wasiƙa ya kai musu? Ni ban yi ba, ina kuwa jin kunyar haka, ni da aka hau babur aka zo nemana.

Kada mu ce sai fasto. Fasto ɗaya ne, shi ma yana bukatar mai tambayar lafiyarsa. Kuma in za ku je wurin mai baƙin ciki, ku rage yawan bayani. Abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai da suka yi shiru.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Sakatare zai zagaya da takarda mai sunayen 'yan ajinmu da ke yammacin Zamfara, da matan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Kowa ya ɗauki suna ɗaya, ya kira sau ɗaya a wata, ya san yara nawa ke makaranta da abin da ya rage na kuɗinta. A taron baɗi za mu tambayi juna.